Atanasiyus Na Iskandariya: Bawan Allah Da Sarakuna Huɗu Suka Kora

Karatu: Zabura 91, Ayyukan Manzanni 12:1-11

Akwai tambayoyi biyu da masu bi da yawa suke fama da su a zuci, amma ba su cika furta su a cikin majami'a ba. Ta fari, in Allah yana tsare nasa, me ya sa a dare ɗaya, a unguwa ɗaya, wani ya tsira wani kuwa ya rasa ransa, alhali dukansu suna kira ga sunan Yesu? Ta biyu, wanda ya kwashi iyalinsa ya gudu sa'ad da tsanani ya taso, ya yi rashin bangaskiya ke nan? Wataƙila kai ma ka taɓa kwana da waɗannan tambayoyi. Wataƙila ma kana karanta wannan ɗan littafi a garin da ba naka ba, domin an tilasta maka barin gida.

Ga labarin wani bawan Allah wanda waɗannan tambayoyi suka bi ta kansa. Sunansa Atanasiyus, ɗan Afirka ne, mutumin Masar. Ya shugabanci ikkilisiyar Iskandariya shekara 45, daga ciki ya yi wajen shekara 17 yana gudun hijira. Sau biyar aka raba shi da garkensa. Sarakunan Roma huɗu suka kore shi, sojoji suka yi ta farautarsa a birni da hamada da kan kogi. Duk da haka a gida ya mutu, da furfurarsa, a tsakiyar mutanensa.

Yaron da ya tashi cikin tsanani

An haifi Atanasiyus wajen shekara ta 296. Ya girma a Iskandariya, babban birnin da ke bakin Bahar Rum, inda jiragen ruwa suke lodin alkamar Masar zuwa sauran ƙasashen daular Roma. Yana ɗan yaro, a shekara ta 303, Sarki Diyokletiyan ya ba da doka a rurrushe majami'u, a ƙone Littattafai Masu Tsarki. Daga baya aka tilasta wa kowa ya miƙa hadaya ga gumaka. Tsananin ya yi zafi ƙwarai a Masar. An fille kan waɗansu, an jefa waɗansu cikin wuta, waɗansu kuma aka ƙwaƙule musu ido ɗaya, aka gurgunta musu ƙafa ɗaya, aka tura su aikin haƙar ma'adinai. A shekara ta 311 aka fille kan Bitrus, bishop na Iskandariya. Har wa yau Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, suna ƙirga shekarun kalandarsu daga shekara ta 284, lokacin da Diyokletiyan ya hau mulki, domin tunawa da waɗanda aka kashe.

Ka ga ke nan, Atanasiyus bai koyi bangaskiya cikin kwanciyar rai ba. Daga cikin malaman da suka koya masa Maganar Allah, akwai waɗanda aka kashe saboda ita. Tun yana yaro ya san cewa mai bi na gaske zai iya mutuwa a hannun mugaye. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk abin da ya koyar daga baya game da tsaron Allah, da wannan sani ya koyar da shi.

A shekara ta 313, a zamanin Sarki Kustantin, aka ba Kirista 'yancin yin sujada. Sabon bishop na birnin, Alekzanda, ya lura da hazaƙar Atanasiyus da ƙaunarsa ga Nassi, sai ya ɗauke shi ya zama magatakardansa, daga baya ya naɗa shi dikon.

Gaskiyar da ya sha wuya dominta

Ikkilisiya ba ta gama hutawa ba sai wata fitina ta taso daga cikin gida. Wani fasto a Iskandariya mai suna Ariyus ya soma koyarwa cewa Yesu, Ɗan Allah, halitta ne. Ya yarda shi ne mafi girma cikin dukan halittu, amma ya ce akwai lokacin da babu shi. Ariyus mutum ne mai daɗin baki, har ya sa koyarwarsa cikin waƙoƙi domin matuƙan jirgin ruwa da matafiya su riƙa rerawa.

Atanasiyus ya gane abin da ke cikin wannan magana. In Yesu halitta ne, to, halitta ce ta mutu a kan gicciye, kuma halitta ba ta da ikon ceton 'yar'uwarta halitta daga zunubi da mutuwa. In Yesu halitta ne, sujadar da muke yi masa ta zama bautar gumaka. Sai dai in Allah ne da kansa ya ɗauki jiki ya zo, sa'an nan ne cetonmu yake da tushe.

A shekara ta 325 Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop wajen 300 a garin Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau. Waɗansunsu sun zo da tabon tsananin da ya wuce a jikinsu. Atanasiyus ya raka shugabansa Alekzanda. Taron ya tabbatar cewa Ɗan ba halitta ba ne, ainihinsa ɗaya ne da Uban. Bayan shekara uku Alekzanda ya rasu, aka naɗa Atanasiyus a madadinsa ran 8 ga Yuni, 328, yana da shekara talatin ko kusa da haka.

Amma abokan Ariyus sun sami shiga a fada. Ba da daɗewa ba sarki ya aiko da umarni a mai da Ariyus cikin zumuntar ikkilisiya. Atanasiyus ya ƙi, domin bai ga Ariyus ya bar koyarwarsa ba. Daga nan wahalarsa ta soma. Abin baƙin ciki shi ne, yawancin waɗanda suka tsananta masa duk rayuwarsa masu amsa sunan Kirista ne.

Hannun da aka sa cikin akwati

Da maƙiyansa suka ga ba za su iya kā da shi a kan Nassi ba, sai suka koma ga ƙage. Mafi muni shi ne cewa ya kashe wani bishop mai suna Arseniyus, ya yanke hannunsa domin yin tsafi da shi. Har suna yawo da wani busasshen hannun mutum a cikin akwati, suna nuna wa jama'a. Gaskiyar kuwa ita ce, su ne suka ɓoye Arseniyus. Mutanen Atanasiyus suka yi ta cigiya, har Allah ya sa aka gano shi da ransa.

A shekara ta 335 aka kira Atanasiyus gaban taron bishop-bishop a birnin Taya. Masu tarihin ikkilisiya na dā sun ba da labarin yadda aka yi. Da aka kawo zancen kisan, ya tambaya ko akwai waɗanda suka san Arseniyus a fuska. Da yawa suka amsa sun san shi. Sai ya sa aka shigo da mutumin a lulluɓe da mayafi. Ya buɗe fuskarsa, ya ɗaga gefen mayafin ya nuna hannu ɗaya, ya ɗan dakata, sa'an nan ya nuna ɗayan. Ya nemi masu ƙararsa su nuna inda aka yanke hannu na uku. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Za ka zaci maganar ta ƙare a nan, amma ba ta ƙare ba. Masu ƙarar suka ta da hayaniya, suka ce wannan ma sihiri ne. Atanasiyus ya ga babu adalci a wurin, sai ya sulale ya shiga jirgin ruwa zuwa Kustantiniya, ya tare sarki a kan hanya yana bisa doki, ya roƙi a saurare shi. Maƙiyansa suka biyo shi da sabon ƙage, wai ya yi barazanar hana jiragen alkama tashi daga Iskandariya zuwa babban birnin daula. Sarki ya husata, ya kore shi zuwa Tiriya, can cikin sanyin ƙasar Jamus ta yau. Ka lura da wannan, ɗan'uwa: Allah ya wanke bawansa a gaban kowa, amma bai hana a kore shi ba. A Tiriya kuwa ya tarar da bishop da masu bi waɗanda suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Kustantin ya mutu a shekara ta 337, Atanasiyus ya dawo gida. Shekara biyu ba su cika ba, ɗan sarkin mai suna Kustantiyus, wanda ya gāji gabashin daula kuma yake goyon bayan mutanen Ariyus, ya sa aka ɗora wani bishop a Iskandariya da ƙarfin soja. Atanasiyus ya tsere zuwa Roma a shekara ta 339. Ya yi shekara bakwai a ƙasashen yamma, kuma a zaman nan ne ikkilisiyoyin yamma suka san shi da kyau, suka tsaya tare da shi. Ya koma Iskandariya a watan Oktoba na 346, jama'a suka fita nesa da birni domin taryarsa. Ubangiji ya ba shi shekara goma na aiki cikin salama.

Daren da sojoji suka kewaye majami'a

Da Kustantiyus ya zama shi kaɗai ne sarkin daular duka, sai ya ƙudura ya gama da Atanasiyus. Ya matsa wa bishop-bishop na yamma su sa hannu a kan hukunta shi. Waɗanda suka ƙi aka kore su daga ƙasashensu. Da yawa suka sa hannu saboda tsoro.

A daren 8 ga Fabrairu, 356, Atanasiyus yana tare da jama'arsa a majami'ar Tewonas, suna addu'ar dare. Wani shugaban soja mai suna Siriyanus, wanda ya riga ya yi alkawari ba zai tā da hankalin ikkilisiya ba sai da takardar sarki, ya zo da sojoji fiye da 5,000 da takuba da bakuna da kulake, suka kewaye ginin yadda ba wanda zai fita ba su gan shi ba. Atanasiyus da kansa ya rubuta abin da ya faru. Ya ga bai dace makiyayi ya bar tumaki cikin irin wannan ruɗami ba. Sai ya zauna a kujerarsa, ya umarci dikon ya karanta Zabura 136, jama'a kuma su riƙa amsawa a ƙarshen kowace aya, daga nan kowa ya nemi hanyar gida. Ka yi tunanin wannan: ana fasa ƙofofi, mutanen Allah kuwa suna shelar jinƙansa.

Sojoji suka kutsa ciki. Ma'aikatan ikkilisiya suka roƙe shi ya fita, ya ƙi, ya ce sai jama'a sun fita tukuna. Ya miƙe ya sa a yi addu'a. Da yawancin mutane suka fice, sai waɗansu 'yan'uwa suka kama shi suka ja shi da ƙarfi. Suka bi ta tsakiyar sojojin da suka cika wurin, waɗanda dominsa kaɗai suka zo, ba wanda ya gane shi. Shi kansa ya shaida cewa Ubangiji ne ya bishe shi, ya kuma tsare shi. Haleluya!

Amma dole mu faɗi sauran labarin. A wannan daren an kashe masu bi a cikin majami'ar, har da 'yan mata da suka keɓe kansu domin hidimar Ubangiji. An tattake waɗansu, kibau sun sami waɗansu. A shekarar da ta biyo, sojoji suka auka wa masu bi da suka taru yin addu'a a maƙabarta a makon da ya bi Fentikos. Suka yi wa mutum 40 bulala da rassan dabino masu ƙaya, har waɗansu suka mutu. An kori bishop-bishop fiye da 30 daga garuruwansu. Atanasiyus bai ɓoye wannan ba, shi ne ma ya rubuta shi domin kada a manta da su.

Shekara shida a ɓoye

Daga wannan dare ya ɓace har shekara shida. A hamadar Masar akwai dubban masu zaman zuhudu, mutanen da suka keɓe kansu domin addu'a da azumi. Su ne suka riƙa ɓoye shi, suna kai shi daga wannan mazauni zuwa wancan. Wani lokaci kuma yakan shigo birni a asirce, talakawan masu bi su ajiye shi a gidajensu. An rubuta cewa ya daɗe yana zaune a cikin wata busasshiyar rijiya a gidan wani mai bi, kuma ya bar wurin ne dab da zuwan masu kama shi, bayan wata baiwa ta tona asirinsa. Sarki ya aika takarda har ƙasar Habasha, yana neman a turo Firumentiyus, bishop ɗin da Atanasiyus ya naɗa musu, domin a sāke bincikar koyarwarsa. Amma mutumin da ake nema bai shiga hannu ba.

Sai maƙiyansa suka fara yi masa ba'a, wai matsoraci ne, ya gudu ya bar garke. Ya amsa musu da wani ɗan littafi inda ya bayyana dalilin gudunsa, kuma amsar tasa tana da amfani a gare ka yau. Ya nuna cewa masu yi masa gorin gudu su ne masu neman ransa, haushinsu kawai shi ne bai miƙa musu wuya ba. In sun daina tsanantawa, mai gudu zai daina gudu. Sa'an nan ya bi Nassi ɗaya bayan ɗaya. Yakubu ya guje wa Isuwa. Musa ya tsere zuwa Madayana. Dawuda ya ɓuya wa Saul a kogo. Iliya ya guje wa Yezebel. An zurara Bulus cikin kwando ta bangon Dimashƙu. Ubangijinmu da kansa, yana jariri, an gudu da shi zuwa Masar, kuma da aka ɗebi duwatsu za a jajjefe shi, ya ɓuya ya fita daga Haikali. Shi ne kuma ya umarci almajiransa, a Matiyu 10:23, su koma wani gari in an tsananta musu a wannan. Amma da sa'arsa ta yi, bai ƙara ɓuya ba, ya fito ya ba da kansa.

Daga nan Atanasiyus ya kai ga zuciyar maganar. Kowane mutum yana da lokacin da Allah ya ƙayyade masa, kuma ba a sanar da mu lokacin ba. Saboda haka bai kamata mai bi ya jefa kansa hannun masu kisa ba, domin wannan gwada Ubangiji ne. In akwai hanyar tsira, ya bi ta. In kuwa an kama shi, ya tsaya ya shaida Almasihu ba tare da tsoro ba, da sanin cewa ba abin da ya same shi a bayan idon Allah. Ya ƙara da cewa gudun hijira kansa wahala ce mai nauyi, domin wanda ya mutu ya huta, mai gudu kuwa kullum yana zuba ido ga zuwan maƙiyi.

Dubi kuma abin da Allah ya fitar daga waɗannan shekaru. A ɓoye ne ya rubuta tarihin Antoni, tsohon nan mai addu'a na hamada wanda ya rasu a shekara ta 356. Littafin ya bazu har yamma. Bayan shekara 30, labarinsa yana cikin abubuwan da suka girgiza zuciyar Agustin, wani ɗan Afirka ta Arewa, har ya ba da ransa ga Almasihu. A ɓoye ne kuma ya rubuta wa abokinsa Bishop Serafiyon wasiƙu game da Ruhu Mai Tsarki, domin waɗansu sun fara cewa Ruhun halitta ne kamar mala'ika. Ya nuna daga Nassi cewa Ruhun da yake tsarkake mu, yake kuma haɗa mu da Allah, dole shi ma Allah ne. Duk lokacin da ka ɗaga hannu kana roƙon cikar Ruhu Mai Tsarki, kana tsaye ne a kan gaskiyar da wani ɗan gudun hijira ya kāre da alƙalaminsa a cikin hamada.

A kan Kogin Nilu

Kustantiyus ya mutu a ƙarshen shekara ta 361. Wanda ya gāje shi, Yuliyan, ya riga ya bar bangaskiya ya koma ga gumaka. Ya bar korarrun bishop-bishop su koma gida, Atanasiyus kuwa ya shiga Iskandariya a watan Fabrairu na 362. Nan da nan ya kira taro, kuma abin da ya yi a taron ya isa koyi. Bai nemi ramuwa a kan waɗanda suka sa hannu aka hukunta shi ba. Ya buɗe ƙofa ga duk wanda tsoro ya sa ya yi tuntuɓe, muddin ya dawo ya amince da gaskiyar da aka tabbatar a Nikiya. An san shi da kaifin harshe a kan masu koyarwar ƙarya, wani lokaci har ya wuce gona da iri, amma ga raunanan 'yan'uwa ya nuna tausayi.

Da Yuliyan ya ji masu bautar gumaka suna tuba, har manyan matan birni suna karɓar baftisma, sai ya umarta a kore shi daga Masar duka. Wata takwas kaɗai ya yi a gida. Da jama'a suka kewaye shi suna kuka, ya ƙarfafa su cewa wannan ɗan gajimare ne, zai wuce ba da daɗewa ba. Ya shiga kwalekwale ya nufi kudu a kan Kogin Nilu, ma'aikatan sarki suka bi bayansa. Da aka gaya masa sun kusa cim masa, sai ya sa aka juya kwalekwalen ya fuskanci masu binsa. Da suka haɗu, ma'aikatan suka tambaya ko an ga Atanasiyus. Aka amsa musu cewa ba shi da nisa. Suka ƙara ƙaimi suka wuce gaba, suka bar shi a baya. Ba a yi musu ƙarya ba, Allah ne ya rufe idonsu. A watan Yuni na 363 Yuliyan ya mutu a yaƙi da Farisa. Gajimaren ya wuce.

Korar ƙarshe ta zo a zamanin Sarki Balens, a watan Oktoba na 365, lokacin Atanasiyus ya kusa shekara 70. Ya bar masaukinsa da dare, a daren nan kuwa ma'aikatan gwamna suka fasa wurin suka bincike ko'ina, ba su sami kowa ba. Wani mai tarihi na dā ya rubuta cewa a ginin kabarin mahaifinsa ya ɓuya. Bayan wata huɗu, saboda tsoron tarzomar jama'a, sarki ya yarda ya koma.

Shekaru bakwai na ƙarshe ya yi su cikin salama. A shekara ta 367, cikin wasiƙar da ya saba aika wa ikkilisiyoyin Masar kafin Ista, ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari. Wannan shi ne jeri mafi daɗewa da muke da shi wanda ya yi daidai da abin da ke cikin Littafi Mai Tsarki da ke hannunka. Da an kashe shi a majami'ar Tewonas ko a kan kogi, da bai rubuta wasiƙar nan ba. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ya huta cikin Ubangiji ran 2 ga Mayu, 373. Bayan shekara takwas, babban taron Kustantiniya ya sāke tabbatar da bangaskiyar da ya sha wuya dominta.

Abin da za ka riƙe

Yanzu mu koma ga tambayoyinmu. A cikin karatunmu na yau, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Sura ɗaya, sarki ɗaya, ikkilisiya ɗaya. A Ibraniyawa 11, aya ta 34 tana maganar waɗanda suka tsere wa takobi, aya ta 37 kuma tana maganar waɗanda aka kashe da takobi, kuma dukansu an yaba musu saboda bangaskiya. Atanasiyus bai fi 'yan matan da aka kashe a majami'ar Tewonas tsarki ba, shi ma bai taɓa cewa ya fi su ba. An tsare shi domin akwai sauran aiki a gabansa. Su kuwa sun gama nasu, Ubangiji ya karɓe su. In ka rasa wani naka cikin tsanani, kada ka bar Shaiɗan ko wani mutum ya gaya maka cewa addu'arsa ce ta kāsa. Tsaron Allah ya wuce numfashin da ke hancinmu. Alkawarin Yesu a Yohanna 10:28 ya tabbatar mana cewa tumakinsa suna cikin hannunsa, kuma mutuwa kanta ba ta isa ta raba su da shi ba.

In kuwa kai ne wanda ya gudu, ka ɗaga kanka. Ba ka yi zunubi ba da ka fitar da 'ya'yanka daga wuta. Ka tuna cewa Zabura 91 ɗin nan da muke ƙauna, ita ce Iblis ya ɗauko ya ce wa Yesu ya dira daga kan Haikali, Yesu kuwa ya ƙi gwada Ubansa. Bangaskiya ba ta hana ka sauraron gargaɗi ko bin hanyar tsira da Allah ya buɗe. Abin da ba za ka bari a baya ba shi ne shaidarka. Tun da Allah ya bar ka da rai, akwai dalili. Ka tambaye shi aikin da yake so ka yi a inda kake yanzu, ko da wurin ya yi maka kama da hamada.

Ka kuma lura da hannuwan da Allah ya yi amfani da su: 'yan'uwan da suka ja shi daga majami'a, masu addu'a na hamada, iyalan da suka ba shi ɗaki suna sane da haɗarin, matuƙan kwalekwale. Yawancinsu tarihi bai riƙe sunayensu ba, amma Allah ya riƙe. Wataƙila ɗakin da ke gidanka, ko kwanon tuwon da za ka raba, shi ne amsar addu'ar wani ɗan'uwa da ya rasa gida. Kada ka rufe ƙofa.

Mu yi addu'a

Ya Uba, na gode maka domin kwanakina suna hannunka, ba a hannun maƙiyi ba. Ka ɓoye ni da iyalina ƙarƙashin inuwarka. Ka ba ni kunnen jin muryar Ruhunka, in san lokacin tsayawa da lokacin tashi. Ka rufe idon masu neman ran bayinka, ka kuma juyo da zukatansu su tuba su sami ceto. Ka ta'azantar da dukan waɗanda suka rasa nasu saboda sunanka. Ka cire ɗaci da neman ramuwa daga zuciyata. Ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, domin ko a gida ko a gudun hijira, ko da rai ko da mutuwa, kada in yi musun Ɗanka. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.